Daonil ya kada tsohuwata a Tawa, in sake mata da Glucophage?

Baban Nana, Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Tsohuwata tana Tawa, shekarunta 71, ciwon sukari ya kai shekara 9 a jikinta. Daonil take sha, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare. Ranar Talata ta sha ta safe amma ba ta karya ba, don an yi rasuwa a maƙwabta, ta fita gaisuwa. Wajen ƙarfe 11 sai zufa ta keto mata, jiki na ɓari, ta shiga maganar da ba kai ba gindi, ta zube. Matan gidan suka ce iska ce, har an kawo garwashi za a yi mata hayaƙi. Allah ya sa ƙanwata ta dage aka sa ta a adaidaita sai asibiti. Da aka auna sukarinta, ya faɗi zuwa 0,42. Aka sa mata ruwan sukari ta jijiya ta farfaɗo, amma sai da aka riƙe ta kwana biyu, don da an cire ruwan sai ya sake faɗuwa.

Ni ma ina da ciwon, shekara 3 ke nan, Glucophage 850 nake sha, ban taɓa ganin haka ba. In aika mata da irin nawa ta bar nata? Wanne ya fi cikin biyun?

Alhaji mai kanti, Wadata:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata sauƙi. Amma kar ka raba ta da Daonil, shi ne magani. Shekarata 12 a kansa. In na auna na ga 2,50, na jefa ɗaya, kafin la'asar ya sauko. Glucophage na masu farawa ne, sanyin aiki gare shi. Laifin ba na ƙwaya ba ne, rashin karyawa ne. Ka ce wa Inna ta riƙa cin abinci, shi ke nan.

Hajiya ta Yantala:
Sannunku da jinya ƙanena. Ni dai kar a yi min maganar Glucophage. Kwana huɗu na sha na ajiye. Ana bikin ɗiyar yayata, na sha kwalliya, an kafa rumfa, ni kuwa tsakanina da bayi kamar mai aikin Safa da Marwa. Ga baki kamar na tsotsi ƙusa. Na ce wa lokotoro ya riƙe abinsa.

Majo mai ritaya, Talladje:
Baban Nana, kar ka aika mata da komai. Bari in fara da wannan kafin a yi nisa. Shekara 30 da ɗoriya na yi ina aikin jinya, yawancinsu a ƙauye, kuma abin da ya sami Inna na gan shi ba sau ɗaya ba, har da hayaƙin.

Ku daina tambayar wanne ya fi ƙarfi. Magungunan nan biyu ba wuri ɗaya suke aiki ba. Hantar mutum kamar rumbu take, tana ajiye sukari, tana sako shi cikin jini da dare da tsakanin abinci. A mai ciwon sukari na manya, ƙofar rumbun ta lalace, zuba take yi ko ba a buƙata. Glucophage, wanda sunansa na asali metformin, ƙofar nan yake turawa, ya kuma sa jiki ya fi jin insulin ɗin da yake da shi, wato sinadarin da ke sauko da sukarin jini. Shi ya sa in shi kaɗai mutum yake sha, da wuya ƙwarai ya kada shi ƙasa ko bai ci abinci ba, kuma ba ya sa ƙiba.

Daonil kuwa, wato glibenklamid, bulala ce. Akwai wata tsoka a bayan tumbi mai yin insulin, pankireyas. Ƙwayar tana zuwa ta tsula mata bulala ta ce fito da insulin. Ba ta tambaya ko ka karya, ko kana zaman makoki, ko kana cikin mota tsakanin Dosso da Ƙonni. Insulin ya fito, bai tarar da abinci ba, sai ya cinye ɗan sukarin da ke jini, ƙwaƙwalwa ta rasa abin aiki. Maganar banza da zufar nan ke nan.

Abin da ya sa aka riƙe ta kwana biyu shi ne ya fi damuna. Glibenklamid yana daɗewa a jiki, kuma ƙoda na cikin masu fitar da ragowarsa. Ƙodar mai shekara 71 da ta yi shekara 9 da sukari ba ƙodar jiya ba ce. Hukumar lafiya ta duniya da kanta, a jerin magungunanta na dole, ta rubuta cewa glibenklamid bai dace da wanda ya haura 60 ba, gliklazid ta sa a gaba. To amma metformin ɗin ma ƙoda ce ke fitar da shi, in ta yi rauni sosai haramun ne a sha shi. Ka ga ke nan ba wanda zai zaɓa wa Inna magani sai an auna ƙodarta. Ku ce a yi mata kireyatinin.

Alhaji mai kanti, Wadata:
Majo, da girmanka. Amma hukumar duniya ba ta zo Wadata ta ga na'urata ba. Abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji.

Majo mai ritaya, Talladje:
Na'urarka gaskiya take faɗa maka, Alhaji, amma ta minti ɗaya. Akwai awon da ke nuna yadda sukari ya zauna cikin wata uku, HbA1c. A wannan awon metformin da dangin Daonil kusan kunnen doki suke yi. Saurin saukowa ba shi ne ƙarfi ba. Kuma wannan da kake yi, ka ga lamba ta hau ka jefa ɗaya, ba haka ake shan sa ba.

Ɗiyar farmasi, Lazare:
Sallama gare ku iyayena. A farmasi nake aiki, bari in tsoma baki kan abin da nake gani kullum.

Tanti Hajiya, nawa aka fara miki da shi? Ina zargin 850 ko 1000 ne sau biyu tun ranar farko, wataƙila ma kafin ki sa komai a ciki. Kowa aka yi wa haka sai ya san hanyar bayi. Yadda ya fi sauƙi, a fara da 500 sau ɗaya, a tsakiyar tuwon dare ko da an gama, a yi sati guda ko biyu, sannan a ƙara. Mafi yawan mutane cikinsu yana sabawa cikin ƴan makonni. Akwai kuma wanda ke narkewa sannu a hankali, ya fi tausayin hanji, sai dai ba kullum ake samun sa ba. Akwai waɗanda duk da haka ba sa iyawa, wannan gaskiya ne, amma kwana huɗu bai isa a yanke masa hukunci ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sunaye. Mutum ya zo da ordonansi biyu, ta lokotoron nan da ta wancan, ɗaya an rubuta Daonil, ɗaya Glucovance. Bai san Glucovance metformin ne da glibenklamid a haɗe cikin ƙwaya guda ba. Ya sha duka, ya ninka bulalar da Baba Majo ya faɗa. Haka Diamicron da gliklazid abu ɗaya ne, Amarel da glimepirid abu ɗaya ne, kuma su biyun nan da Daonil ƴan ɗaki ɗaya ne, ba a haɗa biyu daga cikinsu. Ku riƙa duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan babban suna. In za ku ga lokotoro, ku zuba duk kwalayen a leda ku tafi da su, har waɗanda kuka ajiye.

Hajiya ta Yantala:
Ɗiyata kamar kina wurin. 1000 ne, kuma da shayin safe na haɗiye shi.

Ɗan Madawa a Liyon:
Ni ina mamakin har yanzu kuna gardama kan magungunan zamanin kakanni. Nan Faransa Jardiance aka ƙara min a kan metformin. Sukarin ta fitsari yake fita, na rage kilo 3, tansiyo ma ya sauka. An yi babban gwaji da shi, sakamakon ya fito a 2015, mutum fiye da 7000 masu sukari da ciwon zuciya, aka ga mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Daonil bai taɓa nuna irin wannan ba. A saya wa Inna shi a huta.

Bagobirin Harobanda:
Ɗan Madawa, kai inshora ke biya maka. Mu nan aljihu ne inshora, shi ma ya huje. Ni na ga kuɗin kwali ɗaya a farmasi na ce a gaida shi. Maƙwabcina Bazabarme ne kaɗai ba ya buƙatar magani, shi kopto ya riga ya gama da shi tun yana yaro.

Majo mai ritaya, Talladje:
Ɗan Madawa bai yi ƙarya ba, a ba shi haƙƙinsa. Jardiance da Forxiga, empagliflozin da dapagliflozin, su ne suka zo da abin da tsofaffin ba su da shi: suna kare zuciyar da ta gaji, suna rage saurin lalacewar ƙoda. Wanda ƙafafunsa ke kumbura don zuciya, ko ƙodarsa ta fara zubar da furotin, in yana da hali, lokotoro zai so ya sa masa. A 2021 an shigar da su jerin magungunan dole na duniya.

Amma ka tuna inda Inna take. Maganin yana hana ƙoda mayar da sukari cikin jini, sai a zubar da kimanin garam 70 a rana ta fitsari, kusan ƙwarar sukari 14, kuma sukari ba ya fita shi kaɗai, da ruwa yake tafiya. Liyon ba Tawa ba ce. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke, tsohuwa ba ta son shan ruwa don kar ta yi ta fita da dare, wataƙila tana shan maganin tansiyo mai sa fitsari. Sai jiri, sai faɗuwa. Na biyu, inda sukari ya zauna ƙaiƙayi yana zuwa, musamman a gaban mata, kuma tsohuwar Ba'adara za ta shekara tana fama ba ta faɗa wa kowa ba. Na uku, in mutum ya kwanta ciwo, amai ko zawo, ba ya ci ba ya sha, dole a dakatar da shi, don jini na iya yin tsami ko da na'ura ba ta nuna sukari ya hau sosai ba. Metformin ma haka, ranar amai da zawo a ajiye shi har mutum ya koma ci da sha.

Sannan maganin da za a saya wata ɗaya a kasa wata biyu, gara mai arha da ba a yankewa.

Ɗiyar farmasi, Lazare:
Akwai na tsakiya da ba a ambata ba, Januvia da Galvus, su sitagliptin da bildagliptin. Su sai an ci abinci suke taya jiki fitar da insulin, don haka ba sa kada mutum in ba a haɗa su da dangin Daonil ba, ba ƙiba, ba zawo. Ga tsofaffi suna da daɗin sha'ani. Ƙarfinsu bai kai na metformin ba, ba su kuma da kariyar zuciya irin ta Jardiance, ga tsada. Akwai Novonorm kuma, shi dokarsa a bayyane take: za ka ci, ka sha, ba za ka ci ba, kar ka sha.

Malamin lakkwal, Gamkale:
Ku yi min haƙuri in ɗan kauce, abin ya ba ni sha'awa na taɓa karantawa. Dangin Daonil ta hanyar haɗari aka gano su. A 1942 a Mompeliye ta Faransa, wani lokotoro Marcel Janbon yana gwada wani magani a kan masu taifot, sai marasa lafiyar suka riƙa suma, wasu suka mutu, aka gano sukarinsu ne ya faɗi. Auguste Loubatières ya bi sawun abin da gwaji a kan karnuka. Wato abin da ya kada Inna shi ne ainihin abin da aka fara sanin dangin maganin da shi. Metformin kuma Jean Sterne ne ya gwada shi a kan masu sukari a Paris a 1957, sunan Glucophage ma'anarsa mai cin sukari. Amurkawa ba su fara sayar da shi ba sai 1995.

Ɗan Adar na Katako:
To ni ban ga mi kuke wahala ba. Garahuni da zogala suna nan. Kawuna ya bar ƙwaya shekara biyu, garahuni ɗai shika jiƙawa, lahiya lau shike.

Malamin lakkwal, Gamkale:
Ɗan Adar, metformin ɗin ma jikan ciyawa ne. Wani tsiro ne na Turai, galega, daga shi aka samo hanyar, kuma tsiron da kansa yana kashe tumaki in suka ci da yawa. Ba wanda ya raina itace. Bambancin, ƙwaya an san nauyinta, kofin jiƙo kuwa na yau daban na gobe daban. Kawun naka ya auna, ko dai jikinsa ne ya gaya masa?

Ɗan Adar na Katako:
Bai auna ba. Amma ya rame, tumbin ya tahi.

Majo mai ritaya, Talladje:
Ramar nan ita ce abin tsoro, ɗana. Sukari in ya yi yawa ƙwarai shi ma yana ramar da mutum. Ka kai shi a auna cikin satin nan, a duba masa ƙafafu da idanu. Zogale a ci, abinci ne mai kyau, ya fi farar shinkafa da lemun kwalba nesa ba kusa ba. Amma mai shan Daonil ya yi hankali da jiƙon garafuni a kai, yana iya ƙara jan sukarin ƙasa.

Maman Biyu, Kwara Kano:
Baba Majo, azumi fa? Ni Diamicron 60 da metformin nake sha. Bara sau biyu na ji duhu-duhu bayan la'asar amma na daure, don saura kaɗan a sha ruwa.

Majo mai ritaya, Talladje:
Wannan dauriyar ba ta cikin ibada, ɗiyata, malamai suna nan za su gaya miki an yi wa mara lafiya rangwame ya rama. Ki ga lokotoro wata ɗaya ko biyu kafin azumi. Abin da aka saba, metformin ba a cika taɓa yawansa ba, ana dai kai babban kaso wurin buɗa baki, ƙarami a sahur. Diamicron mai sha ɗaya a rana ana mayar da shi buɗa baki, wani lokaci a rage. Glibenklamid kuwa shi ne wanda aka fi gudu a azumi. Ki riƙa aunawa da rana, huda yatsa ba ya karya azumi a wurin malaman da suka duba batun tare da likitoci. In kin ga ƙasa da 0,70 ko sama da 3, ko kin ji duhun nan, ki sha ruwa ko da ladan ya hau.

Tunda an zo nan, ku gaya wa na gida: wanda ya fara zufa da ɓari amma yana iya haɗiya, a jiƙa ƙwarar sukari 3 a ruwa a ba shi, a jira minti 15, in bai dawo ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma kar a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe, a nufi asibiti.

Bagobirin Harobanda:
Ni kun rikita ni da 0,70 ɗin nan. Na'urata daga Ƙonni aka kawo min, 140 take nunawa da safe. Ko na mutu ban sani ba?

Ɗiyar farmasi, Lazare:
Tonton kana raye. Taka da miligaram take ƙirga, 140 ɗinka shi ne 1,40 namu, 70 shi ne 0,70. Akwai kuma masu nuna 7 ko 8, su wani ma'auni ne daban, 7 a wurinsu shi ne 1,26. Tunda ka ambaci kayan tsallake, wasu na kawo pioglitazon daga can. Faransa ta dakatar da shi tun 2011, kuma yana tara ruwa a jiki, mai raunin zuciya ba ya shan sa. Wanda ya daɗe a kan metformin kuma yana jin tafin ƙafa kamar ana tsira masa allura, ba kullum sukarin ne ba, maganin yana rage bitamin B12 in an shekara da shekaru, a auna.

Baban Nana, Bukoki:
Salam ƴan uwa, kwana tara ban leƙo ba, na je Tawa na dawo jiya. Baba Majo, Allah ya saka da alheri, na yi yadda ka ce. Na zuba magungunanta duka a leda, sai ga wani kati ba kwali ba takarda. Ashe in nata ya ƙare wurin masu yawo da magani a kai take saye. Da na matsa mata kuma ta ce ranar da ta sha fura da yawa ko ta ci dabino takan ƙara ɗaya, wai don ta wanke. Daren Litinin ɗin ta ƙara.

An yi kireyatinin, lokotoro ya ce ƙodar ta ja baya amma ba ta kai inda ake tsoro ba. Awon wata uku ya ba da 6,2. Ni har na yi murna, sai ya ce a shekarunta wannan ya yi ƙasa da yawa, alama ce ta daɗe tana faɗuwa ba a sani ba. Ƙanwata ta ce lalle takan tashi da dare zane jiƙe da zufa. Ya tsayar da Daonil gaba ɗaya, ya sa mata metformin 500 da tuwon dare, ya ce a dawo bayan wata guda da awon safe a rubuce. Na nuna masa nawa 850, ya ce da na aika mata ta sha yadda nake sha, da ya yi mata yawa a farawa.

Hajiya ta Yantala:
Alhamdu lillahi. Ni ma na koma, an mayar da ni 500. Yau kwana shida, ciki shiru. Akwai suna ranar Asabar, a nan za a gane.

Alhaji mai kanti, Wadata:
Barka da arziki. To Baban Nana, ragowar Daonil ɗin Inna kar a zubar, a aiko min. Ni bai taɓa kada ni ba. Ɗan ɓarin da nake ji kafin azahar in ciniki ya hana ni karyawa, ina da alewa a aljihu, da na tsotsa biyu ya wuce.

Baban Nana, Bukoki:
Alhaji, na baro shi a wurin lokotoro.

Majo mai ritaya, Talladje:
Alhaji, ɓarin nan sau nawa a sati? Kuma shekarunka nawa?

Alhaji mai kanti, Wadata:
Bai fi uku ba. Shekaru kuma a kati 58 ne. Sai dai shekarar da Kunce ya karɓi mulki, 1974, na riga na fara kai azumi talatin ba fashi. Kireyatinin ɗin nan, sai ba a karya ba ake yin sa?